MURYAR BAYAN LABULE

Shafi na 23
Daga alƙalamin Jannat Karofi

Kafin mu shiga, ina da magana da masu kirana tun da sassafe wai na yi jinkiri. Kwana uku ba wuta a unguwarmu, kuma ni ma ina da miya a kan murhu. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto cewa in na raba Dalhatu da Sadiya za ki zo har Karofi ki same ni, ƙofa a buɗe take, ki dai taho mini da kifin dam ɗin Zobe.

Sababbin shigowa, ga inda muka tsaya. Dalhatu shi ne mai Madaba'ar Barkono, wani ɗan shago a bayan kasuwar Dutsin-Ma: kwamfuta ɗaya, injin bugu ɗaya mai tari, sai shi kansa. Littattafan zambo da na adabi yake bugawa. Shekara shida yana bugawa gara tana karantawa, sai bana ya fitar da *Jarumin Kan Rumbu* na wani mai ɓoyayyen suna Ganau, gari ya ɗauka. Matsalar ɗaya ce. Alhaji Yero na Kurfi, mahaifin Halimatu Sa'adiya da Dalhatu ke nema, ya rantse da shi ake a littafin. Saura mako ɗaya a sa rana, ya aiko a ce Dalhatu ya zo, shi kaɗai.

*

Ana sallame azahar Dalhatu ya shigo Kurfi, ya kashe mashin tun daga nesa ya turo shi da hannu, wai ladabi.

A bakin shagon mai caji ya hango Alhaji Yero, an miƙo masa wata waya mai jan gida. Dalhatu ya jingine mashin ya zube ƙasa.

"Barka da rana, Baba."

"Barka dai."

Alhaji ya ga idon yaron ya sauka a kan jar wayar, sai ya yi saurin cusa ta cikin aljihun babbar riga.

"Ta cikin gida ce. Kan hanyata take shi ya sa na amso. Ba aike na aka yi ba."

"Haka ne, Baba."

"Taso mu je."

A ƙofar gida akwai majalisar mai shayi, kuma yau ta cika maƙil da rana tsaka, lokacin da ko mai shayin ba ya shan shayi. Kowa ya yi kamar yana kallon wani wuri. Dalhatu ya wuce su kansa a ƙasa.

Aka shiga ɗakin baƙi. Alhaji ya hau kujera, Dalhatu ya durƙusa a bakin tabarma. A bayan kujerar akwai ƙofa mai koren labule, ita ce ke fita tsakar gida. Shekara ɗaya da rabi yana zuwa gidan nan, bai taɓa wuce labulen ba, bai kuma taɓa jin muryar Inno, mahaifiyar Sadiya, ba. Inno irin matan nan ne da suka riƙe kunyar surukuta da haƙori. In ya gaishe ta daga nan, Sadiya ce ke dawowa ta ce, "Ta amsa." Ko a hanya ta hango shi, sai ta ja mayafi ta sauya lungu.

Alhaji ya jawo littafin daga ƙarƙashin matashi ya jefa a gabansa. Bangon ya sha hannu har ya yi laushi kamar tsohon tsumma.

"Kai ka buga wanga?"

"Ni ne, Baba."

"Wa ya rubuta?"

"Ganau, Baba."

"Na ji Ganau! Ganau ɗan wa? A wace unguwa aka yanka mashi rago?"



"Wallahi Baba ban taɓa ganin marubucin ba. Ta waya ake aiko mani, ni kau in zauna in buga."

Nan kam gaskiya ya faɗa, sai dai bai faɗe ta duka ba. Shekara biyu ke nan wata lamba take aiko masa da saƙon murya, babi-babi. Muryar mace ce, dattijuwa, mai zuba labari tana dariya ƙasa-ƙasa. Ya sha jin tukunya na tafasa a bayan maganarta. Sau da yawa tana tsakiyar labari sai ta katse ta ce, "Talatu! Fitar da bakinki daga tsabar nan, 'yar banza mai idon kwaɗayi!" sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya. Akwai ranar da barci ya ɗebe shi ya buga Talatun a cikin babi na huɗu, sai da ya sake shafin. Shi dai ya ɗauka wata jika ce marar ji.

Abu ɗaya matar ta roƙe shi tun saƙon farko. Ta ce ko wuƙa aka sa masa a wuya kada ya nuna lambarta, kada ya ce mace ce, in ba haka ba zaman gidanta ya ƙare. Ya ce ya ɗauki amana, har ya haɗa da rantsuwa.

"To saurara," in ji Alhaji. "Ni ban iya bokon nan naku ba, ban kau ji kunyar faɗi ba. Malam Mutawakkil tsohon hedimasta ke karanta shi a majalisa kullum bayan la'asar, ina zaune, ana dariya ana satar kallona. An ce Alhaji Gagarau na cikin littafin likita ya hana shi zaƙi, shi kau yana ɓoye dabino cikin hula. Wa ya san wanga?"

"Ƙirƙira ce, Baba."

Alhaji ya dafe hularsa da hannu ɗaya.

"An ce in ya yi baƙi sai ya kunna rediyo tashar Turanci yana gyaɗa kai."

"Duk ƙirƙira ce, Baba."

"To rumbu fa? Rumbu fa, Dalhatu?"

Kafin ya amsa aka yi sallama, ba a jira izini ba aka ɗaga labulen waje. Alhaji Alu ne, taubashin Alhaji Yero, ɗan gwaggonsa. Tun suna yara suke tsokanar juna, yanzu gemu ya yi fari ba su fasa ba. Ya shigo yana washe baki, ya miƙa wa Dalhatu hannu biyu.

"Mai Barkono! Allah shi yi maka albarka. Ka fito da ni duniya."

Alhaji Yero ya yamutsa fuska.

"Alu, magana muke ta iyali."

"Ai ni ma iyali ne. Na zo in yi godiya. Yaro, ka gaya ma Ganau ya kyauta. Tun da littafin nan ya fito, ko Dutsin-Ma na shiga sai 'yan jami'a su tare ni su ce a ɗauki hoto da Alhaji Gagarau."

"Da wa?" in ji Alhaji Yero.

"Da ni mana. Ai da ni ake."

Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Mutumin da ya tara gumi tun safe saboda an zage shi a littafi, yanzu an zo za a raba shi da zagin, sai ga shi ya miƙe tsaye.

"Da kai? Kai a wa?"

"Wa ke da rumbu uku a Kurfi in ba ni ba?"

"Tara rumbu daban, hawa rumbu daban!"

"Na hau mana. Shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara."

"Ƙarya kake, Alu! Mi ya kore ka?"

"Talo-talo."

"Wane launi?"



"Fari."

"Baƙi ne! Baƙi wuluk, mai jan maƙogwaro! Tun hantsi ya tsare ni, ina bisa rumbu har aka kira la'asar, takalmina ɗaya a ƙasa yana tsattsaga! Ni ya kora! Ni!"

Alhaji Yero ya tsaya da yatsa a sama, a hankali ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Alu ya zame daga kujera ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Dalhatu kuwa ya cije leɓe har ya ji ɗanɗanon jini, don ya san in dariya ta kuɓuce masa yau, shi da Sadiya sai a lahira.

Alhaji ya koma ya zauna, ya gyara riga.

"To ka ji. Ranar nan ba kowa a gidan sai iyalina. Wani ya leƙo ta katanga, ko wani ya kwashi sirrin gidana ya kai waje. Ina son in san ko wane ne."

"Baba..."

"Lambar da ake aiko maka tana cikin wayarka?"

"Tana ciki."

"Kira ta. Nan, gabana. Ka buɗe murya kowa ya ji."

"Baba, amana ce."

"Ɗiyata ma amana ce. Ka kira, kawunnanka su zo Asabar a sa rana. Ka ƙi, ka hau mashin ɗinka, kuma kada in ƙara ganin tayarsa a Kurfi."

Wallahi na tausaya wa Dalhatu a nan. Yaron nan yana son Sadiya son da ko shi bai san iyakarsa ba. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa shiga shagonsa ta sayi littafin waƙoƙi ba tare da ya roƙe ta ba, ta kuma dawo bayan kwana uku ta nuna masa kurakurai goma sha ɗaya. Tun ranar ya san ya ga matarsa.

Ya ciro wayar. Yana cikin lalube sai aka ji ƙarar kwano ya faɗi a tsakar gida, sannan wata murya ta tashi daga bayan koren labulen.

"Talatu! Fitar da bakinki daga tsabar nan, 'yar banza mai idon kwaɗayi!"

Wayar ta suɓuce daga hannun Dalhatu.

Labulen ya motsa, wata jar akuya mai ciki ta leƙo da kanta, bakinta duk gero, ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta koma.

Ashe Talatu akuya ce.

Ashe muryar da ya yi shekara biyu yana saurara da abin ji a kunne, yana dariya shi kaɗai a shago, yana ce mata "Hajiya, wannan babin ya yi gishiri, a ƙaro," muryar surukarsa ce. Ya tuna ranar da ya aika mata saƙo cewa Gagarau ya cika sakarci, a ɗan rage. Ya tuna amsarta: "Ɗana, ai ragewa na yi."

Sai kuma ya tuna jar waya.

Idonsa ya tafi a hankali ya sauka a kan aljihun babbar rigar Alhaji. Ga shatinta nan, kwance lafiya, cike da caji.

"Mi ya same ka?" in ji Alhaji. "Ka ga aljani?"

"A'a, Baba."

"To ɗauki ka kira."

Dalhatu ya ɗauki wayar ya kife ta a kan tabarma. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya sunkuyar da kai, muryarsa ta fito siririya.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ni iyawa."

"Mi ka ce?"

"Na yi rantsuwa. Wanda ya ba ni labarin nan ya yarda da ni alhali bai taɓa ganin ranar da zan amfane shi ba. In na tona shi yau don in samu aure, gobe da wane ido zan dubi ɗiyarka in ce ta yarda da ni?"

Alu ya daina dariya ya tashi zaune.

"Yero, yaron nan fa da gaske yake."

"Ni ma da gaske nike. Tashi ka fita."

Dalhatu ya yunƙura. Ƙafafunsa sun mutu saboda durƙuso, zuciyarsa kuma ta fi su mutuwa. Daga can ciki ya ji wata 'yar shessheƙa, ya san ta Sadiya ce. Ya kai hannu zai ɗauki takalmi ke nan, muryar ta sake tasowa. Wannan karon a hankali take, dab da labule.

"Talatu. Ke Talatu. An ce ki yi abu, ki yi mana. Na yafe maki rantsuwar. Ba abin da zai faru sai alheri."

Alhaji ya waiga a fusace.

"Wai mi ke damun matar nan da akuya yau? Akuya ce ke rantsuwa?"



Ku gane, Inno ba za ta taɓa yi wa surukinta magana kai tsaye ba, ko gidan zai kama da wuta. Amma ba wanda ya hana ta yi wa akuyarta magana. Dalhatu ya gane. Ya dawo ya durƙusa, ya ɗauki wayar, ya karanto duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa.

"Baba, zan kira."

"Ka dawo hayyacinka ke nan. Buɗe murya."

Ya danna.

Alu ya matso har yana numfashi a kafaɗar Dalhatu. Alhaji ya harɗe hannuwa, ya ɗaga gemu, yana jiran ya ji muryar maƙiyinsa.

Sai babbar rigar Alhaji Yero ta fara kiɗa.

Alhaji ya dubi hagu. Ya dubi dama. Ya ɗaga matashi. Kiɗan bai fasa ba, har aljihun yana rawa. A hankali ya zura hannu ya ciro jar waya, ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar ya kamo kunama.

Alu ya fizge ta ya ƙura wa fuskarta ido, yana haɗa baƙaƙe.

"Mai... Bar... ko... no. Mai Barkono ke kira!"

Ya dubi wayar. Ya dubi taubashinsa. Ya dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Yero! Waya biyu gare ka? Kai ne Ganau?"

Alhaji ya juya ya dubi koren labulen, ya daɗe yana dubansa. Shi ya san wayar wa ya amso daga wajen mai caji. Ya kuma san wa ya ce masa da safe, cikin ladabi, "Alhaji, in ka fito masallaci ka biya ka amso mani, tunda kan hanyarka ce." Ya san wa ke wanke hular da dabino ke manne a ciki. Ya san wa ya kori talo-talon da muciya ranar nan, ya riƙe masa tsani ya sauko.

Ga kuma Alu tsaye, bakinsa a buɗe, mutumin da in ya ji magana da azahar, kafin la'asar ta isa Karofi.

"Malaman jami'a fa cewa suke wanda ya rubuta littafin nan kansa ya fi na mutum goma," in ji Alu. "Ashe kai ne? Kai da ko alli ba ka taɓa riƙewa ba?"

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya gyara zaman hula. Ni dai ban sani ba, ko tsoron bakin Alu ne, ko daɗin yabon malaman jami'a, ko kuwa rufa wa matarsa asiri yake. Wataƙila duka ukun ne.

"To," ya ce. "Tunda abin ya fito. Ni ne."

"Kai ka zagi kanka?"

"Sai mai hankali ke iya yi ma kansa dariya, Alu. Kai ba ka kai nan ba."

"To mi ya sa ka tsare yaron mutane kana zare mashi ido?"

"Gwada shi nike. Zan ba mutum ɗiyata ban san ko yana riƙe amana ba? Ka gani da idonka, ya zaɓi ya rasa auren maimakon ya tona ni." Ya juyo ga Dalhatu. "Ka gaya ma kawunnanka, Asabar bayan la'asar."

Daga cikin gida aka ji wata 'yar guɗa ta kuɓuce, aka yi saurin toshe ta.

Alu bai tsaya neman takalminsa na biyu ba. Ya fice yana kiran sunan Malam Mutawakkil tun daga zaure.

Ɗakin ya rage su biyu. Alhaji ya ajiye jar wayar a hannun kujera. Duk kumburin nan ya sace, ya koma dattijo kawai mai farin gemu. Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta.

"Tun yaushe take aiko maka?"

Dalhatu ya saci kallon labule. Aka yi tari sau ɗaya daga ciki.

"Shekara biyu, Baba."

"Ta faɗi dalili?"

"Ta faɗa sau ɗaya."

"Mi ta ce?"

"Ta ce shekara talatin da huɗu tana bayan labule tana kallo, ba wanda ya taɓa tambayarta mi ta gani."

Alhaji ya cire hula, dabino biyu suka faɗo a cinyarsa, bai ko dube su ba. Ya juya kujerar kaɗan ta fuskanci ƙofar.

"Inno."

"Na'am, Alhaji."

"To yau na tambaya. Mi kika gani?"

Dalhatu ya ji wannan dariyar ta ƙasa-ƙasa da ya sani sarai.

"Da yawa, Alhaji, sai mun zauna. Amma yanzu dai, ta kan katanga, na ga Alu ya taso majalisa gaba ɗaya. Sun fi mutum talatin. Malam Mutawakkil na gaba riƙe da littafi, wai yau hutawa zai yi, marubuci zai karanta masu babi na bakwai da bakinsa."

Hayaniya ta cika zaure. Wani ya rangaɗa sallama.

Alhaji Yero ya dubi littafin da ke kan tabarma, wanda ko sunansa bai iya karantawa ba. Ya dubi ƙofar waje. Ya tattare babbar riga ya yaye koren labulen.

"Inno, tsanin nan yana jikin rumbu?"